Yaro shina da hadda amma ba shi iya karatu

Duk ƙarshen zango da an raba takardun sakamako wayata ba ta hutawa, don mutanen unguwarmu nan Mabera sun san ina koyar da lesin da marece bayan na taso makaranta. Maganar kusan iri ɗaya ce kullum, "Malama don Allah ki duba min yaron ga, aji huɗu yake amma ko sunanai ba shi iya rubutawa daidai." Wasu iyayen ma sun riga sun yanke hukunci tun daga gida, daƙiƙi ne, ko wasa ya yi mai yawa, ko an yi mai baki, ko uwar ce ta sangarta shi. Gaskiya mafi yawan yaran da ake kawo min ba abin da ke damunsu, ba a koya musu ba ne kawai, aji cike maƙil malami ɗaya, da ka zauna da yaro 'yan makonni kana nuna mai baƙaƙe sai ka ga ya ɗauke. Amma akwai 'yan kaɗan da ba haka suke ba, kuma saboda su nike wanga rubutu.

Irin yaron da nike nufi, in kuna hira sai ka rantse shi ne zai zo na ɗaya a aji. Shina ba da labari tiryan-tiryan, a aike shi kasuwa ba shi ɓata canji, in malami ya yi bayani da baki ya kama. Amma a aje mai littafi sai jikinai ya mutu. Kalmar da ya karanta a layin sama, ya iske ta a layin ƙasa kamar bai taɓa ganinta ba. Shina duba baƙin farko shi cinki sauran, ya ga "kasuwa" ya ce "karatu". Abin da kunka sha wahala kunka koya jiya, yau babu shi. Rubutu kuwa kalma ɗaya sai ya rubuta ta iri uku cikin shafi ɗaya. Wanga shi ne likitoci da masana ilimi ke kira disleksiya, wato lalurar da ke sa karatu da haɗa baƙi su yi ma mutum wuya alhali hankalinai lafiya lau kuma an koya mai kamar yadda anka koya ma sauran.

Ba sabon abu ba ne kuma ba yayi ba ne na 'yan makarantun kuɗi. Wani likitan ido a Jamus, Rudolf Berlin, shi ya fara amfani da sunan cikin shekarun 1880. A 1896 kuma wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya buga bayanin wani yaro ɗan shekara 14 da ake kira Percy, wanda ya ƙware a lissafi amma ko sunanai in ya zo rubutawa sai ya juya baƙaƙen, har malaminai ke cewa da duk karatun da baki ake yi da shi ne zai fi kowa a makarantar. Wallahi ranar da na karanta wanga labari fuskokin yara nawa sunka faɗo min a rai. Ƙungiyar da ke kula da lalurar a Birtaniya tana ƙiyasta kusan mutum 1 cikin 10 na da ita, wasu kaɗan-kaɗan wasu da tsanani, kuma tana bin jini, shi ya sa in na tambayi uwa a hankali sau da yawa sai ta ce ai babanai ma ko kawunai haka ya yi fama har ya bar boko ya koma kasuwa.

Da can an ɗauka ciwon ido ne, har yau ma akwai masu sayar da tabarau mai launi da sunan magani. A 2009 ƙungiyoyin likitocin yara da na ido na Amurka sun fitar da sanarwa tare cewa matsalar ba a ido take ba. Inda take shi ne wajen sautukan magana. Mu da muke karatu ba mu lura da cewa kalma kamar "nama" sauti huɗu ce da anka jera, kuma kowane sauti da baƙinai, ƙwaƙwalwarmu na yin aikin ba tare da mun sani ba. Shi yaro mai disleksiya kalmar dunƙule take zo mai, warware ta da sake ɗaure ta shi ne aikin. Ki ce mai, cire "ka" daga "kaza" mi ya rage? Sai ki ga ya yi shiru shina kallon bakinki. Ni na lura ma irin waɗanga yara in 'yan uwansu na zaurance, wanda duk wasa ne da gaɓoɓin kalma, su gefe suke komawa. Juya b da d kuwa da mutane ke ɗauka shi ne alamar, kusan duk yaro na yin haka a farko har wajen shekara bakwai, shi kaɗai ba hujja ba ne.

To mi ya sa a nan Sakkwato ba mu ganinsu? Na farko hadda. Yadda muke koyarwa malami ya faɗi aji ya amsa baki ɗaya, yaro mai kunne sai ya haddace shafin duka, a ce tashi ka karanta ya zuba shi kamar ruwa yatsanai na wani layi bakinai na wani layi, malami ya ce a tafa mai. Haka zai yi ta wucewa har aji huɗu ko biyar lokacin da littattafai sunka fi ƙarfin hadda, sannan a ce yaro ya lalace. Na biyu kuma, yaran da ba su iya karatu sun yi yawa har ba a bambance wanda ba a koya mawa da wanda ke da lalura. A 2011 an yi gwajin karatun Hausa ga 'yan aji uku na firamare a Sakkwato da Bauchi da tallafin hukumar USAID, anka iske mafi yawansu ba su iya karanta ko kalma ɗaya. In aji duka na cikin wanga hali wa zai lura da yaro ɗaya?

Shi ya sa ni ba ni gaggawar liƙa ma yaro suna. Abin da nike fara ce ma iyaye, a kai shi asibiti a duba ido da kunne, don yaron da kunnenai ke ruwa tun shina ƙarami ko wanda ba shi hangen allo zai yi kama da mai disleksiya alhali magani ko tabarau kawai yake buƙata. Sai in tambaya shina zuwa makaranta kullum kuwa, ko damina gona rani talla. In duk waɗanga lafiya, sai mu fara koyo da tsari, a nan ne ake gane bambanci, sauran yara su wuce shi kuma shina jan ƙafa duk da ƙoƙarinai. Wata dabara mai sauƙi da ke tona asirin hadda ita ce ka rubuta kalmomin da babu su a Hausa, kamar "nuki" ko "zome", ka ce ya karanta. Ba inda ya taɓa jinsu, dole sai ya haɗa baƙi. A Ingila tun 2012 duk ɗan aji ɗaya ana yi mai irin wanga gwaji, kalma 40, rabinsu ƙirƙirarru.

Koyarwar da ke aiki ba wani sirri gare ta ba, wuyarta haƙuri. Tun shekarun 1930 wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, Samuel Orton, da wata malama Anna Gillingham sunka tsara hanyar da har yau ake kiranta da sunansu, kuma rahoton kwamitin karatu na Amurka na 2000 da na Jim Rose a Ingila a 2006 duk sun tsaya kan abu ɗaya, a koya ma yaro sauti da baƙi a fili, ɗaya bayan ɗaya bisa tsari, kada a bar shi da cinke. Yadda nike yi, ina farawa da baƙaƙe huɗu kacal, a, n, k, m. Sautinsu nike koyarwa ba sunansu na Turanci ba, don "em" da "e" ba su taɓa ba ka "ma". Da waɗanga huɗun yaro zai karanta mama, kaka, nama, kama, nan, kan, kuma da kansa ya haɗa ba haddacewa ya yi ba. Shina faɗin sautin, shina rubuta shi da yatsa cikin rairayi a faranti, shina jera marafan kwalba da na rubuta ma baƙaƙe. Rairayin don kada ya gaji ne kuma hannu ya taya kunne, amma kada wani ya ɗauka rairayin ne maganin, tsarin ne da maimaici. Ba mu ƙara sabon baƙi sai na baya ya zauna, kuma kowace rana da bitar na jiya muke buɗewa. Minti ashirin zuwa talatin kullum ya fi awa uku ranar Asabar nesa ba kusa ba.

B da d ba ni haɗa su mako ɗaya, ina barin tazara mai yawa tsakaninsu, balle kuma mu da muke da ɓ da ɗ a kai, baƙaƙe huɗu masu kama da juna, kuma bari daban ɓari daban, daka daban ɗaka daban. Su sh, ts, kw, gw, ky sai can gaba.

Inda nike yawan saɓani da iyaye shi ne harshe. Kowa so yake ɗansa ya fara da Turanci tun nazare, in ka ce Hausa sai a ga kamar kana son mayar da yaro baya. Amma rubutun Hausa na boko kusan yadda anka rubuta haka ake faɗi, in ka san sautin baƙaƙen ka gama rabin aiki, abin da ya rage 'yan wurare ne da ba a nuna jan wasali ko karin sauti, kamar gari na zama da gari na tuwo, waɗanda jimla ke warwarewa. Turanci kuwa baƙi ɗaya sai ya yi sauti uku ko huɗu. An taɓa yin bincike da anka buga a 2001 kan masu disleksiya a Italiya da Faransa da Ingila, anka ga matsalar cikin ƙwaƙwalwa iri ɗaya ce, amma 'yan Italiya sun fi iya karatu saboda rubutun harshensu a miƙe yake. To mu da Allah ya ba rubutu mai sauƙi, mi zai sa mu fara ma yaro mai rauni da mafi wuya, kuma da harshen da ba shi ji? Littattafan Mu Karanta da anka raba ma 'yan aji ɗaya zuwa uku a makarantun gwamnati na Sakkwato da Bauchi ƙarƙashin shirin da ya fara a 2015 bisa wagga hanya ta sauti anka gina su, ni har yau ina amfani da tsofaffin da na samu, sai dai mai disleksiya a hankali ake bi da shi, darasin kwana ɗaya na iya cin mako.

Wani abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda muke kallon wagga hanya kamar baƙuwa. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san babbaƙu, alu, ambaki, wau, zal, yaro na nunawa da tsinke shina faɗi, sai ya gama sannan farfaru a sa wasulla, sannan a fara haɗawa, kuma ba a wanke allo sai ka biya. Mataki-mataki ke nan, kowane yaro da allonai da inda ya tsaya. Ba cewa nike can babu matsala ba, mai disleksiya a can ma shina shan wahala, shi ne wanda ke daɗewa a babbaƙu ƙannenai na wuce shi, kuma dorina ba ta taɓa sa baƙi ya zauna a kan kowa ba. Amma tsarin kada a wuce sai an iya, namu ne tun kaka da kakanni, a boko ne munka koma bin manhaja ko yara sun gane ko ba su gane ba.

Ga 'yan uwana malamai da hedimastoci, yawancin abin da yaron ga ke buƙata a aji ba na kuɗi ba ne. Kada a tsayar da shi gaban aji kwatsam a ce karanta, in ana son ya karanta a ba shi layukan tun jiya ya shirya. Kwafar dogon rubutu daga allo azaba ce gare shi, kafin ya gama layi biyu an goge, a ba shi hoton takardar ko wani ɗan aji ya taimaka mai. A jarabawar kimiyya ko addini ko zamantakewa abin da ake son sani ya gane darasin ko bai gane ba, to a karanta mai tambayar, a bar shi ya amsa da baki, kada a yanke mai maki don ya ɓata baƙi. A ƙara mai lokaci, a Ingila abin da anka saba ƙarawa kashi 25 cikin 100 ne. Uwa mai waya tana iya neman malami ko yayan yaron ya karanta darasi a saƙon murya na WhatsApp ya riƙa saurare. Maimaita aji kuwa in hanyar koyarwar ba ta canza ba, shekara ce kawai anka ci mai, ga kunya.

Wasu iyaye na tambayata ko su kai shi makarantar A.A. Raji, sai in ce musu waccan aikinta ya fi karkata ga yara makafi da kurame da masu irin waɗannan lalurori, shi wanga ajinai na yau da kullum ya dace da shi, da ƙarin ɗan lokaci na musamman. Dokar hana wariya ga masu lalura da shugaba Buhari ya sa ma hannu a Janairun 2019 ta yi maganar haƙƙin ilimi, amma doka ba ta shiga aji ta riƙe alli. Masu horo na musamman suna fitowa daga kwalejin Oyo da anka kafa a 1977 da sassan ilimin musamman na jami'o'i irin Bayero da Jos, sai dai ba su isa ko'ina ba, ni da za a ji tawa da duk mai karatun NCE na firamare sai ya yi zango guda cur kan koyar da karatu da gane waɗanga alamomi kafin a ba shi aji. Kafin nan, in kina da yaro ɗan aji biyu da har yanzu ba shi iya haɗa baƙi biyu, kada ki jira aji shida lokacin jarabawar shiga sakandare, ki rubuta mai "nuki" da "zome" yau da dare ki ga abin da zai yi, gobe ki je ki samu malaminai da takardar a hannu.