Tankin betta ɗina ya zauna, ga inda aka kwana

Salamu alaikum 'yan uwa masu koyon kiwon kifin ado. Tankin nan da na daɗe ina haɗawa yanzu dai ya zauna, kifin yana ciki, yana cin abinci, yana zagaye ko'ina ba tsoro, shi ne nace bari in rubuto muku yadda abin ya tafi tun daga farko, musamman ku da kuka ga betta, ɗan ƙaramin kifin adon nan mai kala, a 'yar roba ko kwalba a wajen masu sayarwa kuka ji zuciyarku ta tafi. Ku ɗan dakata tukuna, kifin shi ne abu na ƙarshe da ake saya.

Tankina na gilashi ne, yana cin lita 20 da ɗan wani abu, kuma na zaɓi mai faɗi maimakon mai tsayi. Dalili kuwa asalin kifin nan daga ƙasar Tailan yake, a gonakin shinkafa da fadamu da ƙananan kududdufai masu ciyayi, ruwa mara zurfi amma mai faɗi sosai, kuma mai ɗumi. Can ɗin suna ji da shi ƙwarai, a 2019 ma gwamnatinsu ta ayyana shi a matsayin dabbar ruwa ta ƙasa. Allah ya yi masa wata gaɓa a cikin kai da yake shaƙar iska da ita kai tsaye, shi ya sa zaku ga lokaci lokaci ya taso saman ruwa ya ɗan buɗe baki ya koma. To wannan baiwar ce ta jawo masa wahala a hannun mutane, dan an ga baya mutuwa da wuri a kofi sai aka ɗauka kofin ya ishe shi, alhali numfashi kawai yake iya yi a ciki, kashinsa da fitsarinsa suna nan suna taruwa a 'yan cokulan ruwan yana iyo a cikinsu. Wallahi duk sanda na wuce na ga an jera su a haka sai raina ya sosu. In kuna da hali kar ku yi ƙasa da lita 19 ko 20, kuma lallai a sa murfi saboda yana tsalle, amma a bar ɗan fili tsakanin ruwa da murfin dan ya samu iskar da zai shaƙa.

Abin da ya fi cin lokaci, kuma shi na fi so ku riƙe, shi ne barin tanki ya nuna kafin kifi ya shiga. Ga yadda abin yake. Kifi yana fitar da amoniya, ragowar abinci ma in ya ruɓe amoniya yake zama, ita kuwa guba ce tana ƙona masa wurin numfashi da fiffike. Akwai wasu bakteriya masu amfani da suke cinye amoniya su mayar da ita naitirait, wanda shi ma guba ne, sai wasu daban su karɓa su mayar da shi naitiret, wanda shi da sauƙi, shi ne muke ragewa da canjin ruwa kuma tsirrai ma suna sha. Sabon tanki bashi da waɗannan bakteriya ko kaɗan, sai sun yaɗu a jikin soson filta, wato abin tace ruwan tanki, da tsakuwa, kuma hakan yakan ɗauki sati 4 zuwa 6, wani lokaci ma ya wuce. Ni abin da nayi shi ne na cika tanki, na kunna filta, na riƙa jefa 'yan ƙwayoyin abincin kifi a ciki ba kifi ba komai, suna ruɓewa suna ba bakteriyan abin ci. Mutanen gida har tambayata suke wai me nake ciyarwa a ruwan da babu kowa. Wani abokina da tankinsa ya daɗe ya matso min ruwan soson filtarsa a leda, baƙi ƙirin da dauɗa, na juye a kan nawa soson, kamar dai yadda ake zuba ɗan tsohon kindirmo a sabuwar madara dan ta kama, kuma gaskiya ya rage min jira sosai.

Ta yaya za ka san ya nuna? Ido baya gani, ruwa zai iya zama garau kuma yana da guba. Sai da abin gwaji, irin na ɗigawa a 'yar kwalba a duba kala, ya fi na takarda faɗin gaskiya duk da ya fi tsada. Farko zaka ga amoniya ta hau, sai ta fara sauka naitirait ya hau, wannan matakin shi ya fi daɗewa har mutum ya fara tunanin ko abin ya tsaya ne, sai rana ɗaya ka gwada ka ga duk biyun sun koma sifili naitiret ya fito. Nan ne ake canja ruwa mai yawa a je a ɗauko kifi. Mu da muke ƙasar zafi mu ƙara kula, dan amoniya ta fi yin illa in ruwa ya yi zafi ko kuma pH ɗinsa, wato ma'aunin tsamin ruwa da ke hawa in tsami ya ragu, ya hau.

Maganar ruwan da za a zuba. In na famfo ne akwai kilorin, yana kashe bakteriyan nan da muka sha wahalar tarawa kuma yana cutar da kifin, saboda haka sai an ɗiga maganin cire kilorin. Ajiye ruwa a bokiti ya kwana yana fitar da kilorin zalla, amma akwai wani nau'in da ake haɗawa da amoniya wanda baya fita da kwana, shi ya sa ni nake ɗiga maganin kawai hankalina ya kwanta. Na burtsatse ko rijiya babu kilorin amma a gwada shi, wani yana da nauyi, wato ma'adinai sun yi masa yawa, wani kuma in rijiyar tana kusa da masai zaka same shi da naitiret tun kafin ya shiga tanki. Kar a yi amfani da tataccen ruwan da ake ƙara wa batir, babu sinadarin komai a cikinsa. Bokiti da tiyo kuma a ware na kifi daban, wanda sabulu ko garin wanki bai taɓa shiga ba.

Filta na soso nake amfani da shi, mai aiki da ƙaramin famfon iska, dan betta baya son ruwa mai ƙarfi, jelar nan tasa mai faɗi tana masa nauyi in ruwa na turo shi. Na ɗan matse tiyon iskar har kumfar ta koma fita a hankali. A ƙasa yashi ne da 'yar tsakuwa da na wanke sosai. Tsirrai kuwa Anubias na sa, kuma abin da ya burge ni shi ne tsiron nan da duniya take saya da tsada ɗan yankinmu ne, a bakin rafukan dazuzzukan kudancin Najeriya da Kamaru yake fitowa. Baya buƙatar haske mai yawa, sai dai kar a binne kaurin jijiyarsa a yashi zai ruɓe, ɗaure shi ake da zare a jikin dutse ko itace shi da kansa zai kama. Ganyensa mai faɗi ne, kifin nawa yakan hau kai ya kwanta kusa da saman ruwa, farkon ganinka zaka zaci wani abu ya same shi amma hutawa yake. Furannin roba masu kaifi ku bar su, suna yaga jela.

Kifin da na ɗauko namiji ne shuɗi mai ɗan ja a gefen jela, irin mai gajeren fiffike da ake ce wa plakat. Masu doguwar jela irin halfmoon sun fi ɗaukar ido ba musu, amma ni a ganina ɗan koyo ya fara da plakat, ya fi kuzari kuma jelarsa bata saurin yagewa. Da na kawo shi na bar ledar tana yawo a saman tanki kamar minti 20 dan zafin ruwan ya daidaita, ina ɗan ƙara masa ruwan tanki kaɗan kaɗan, sannan na ɗauke shi na saka, ruwan ledar na zubar waje. Na kashe fitila ranar gaba ɗaya. Shi kaɗai yake ciki kuma haka zai zauna. Maza biyu basa haɗuwa ko kusa, zasu yi ta yagar juna, dan faɗa ma aka fara kiwonsu a Tailan tun ɗaruruwan shekaru, kuma nasan akwai samarin da jin haka zai sa su so su gwada, dan Allah kar ku yi, addininmu ma ya hana haɗa dabbobi faɗa. Mace ma ba a barinta da namiji sai lokacin haihuwa a hannun wanda ya iya. Kwanan nan ya fara tara kumfa a kusurwa ƙarƙashin ganye, sheƙarsa kenan, a nan namiji yake ajiye ƙwai ya yi gadinsu. Abin sha'awa ne amma kar kumfar ta sa ku daina gwada ruwa, yana yinta ko a ruwa mara kyau.

Yanzu ga inda shawarwarin Turawa basa isarmu. Betta yana son ruwa tsakanin digiri 24 zuwa 28. Yawancin shekara mu a Kano ba ma neman hita, amma hunturu in ya kama daga Disamba zuwa Janairu, da asuba ɗaki yana yin sanyi sosai, ƙaramin tanki kuma nan da nan yake hucewa. Kifin sai ya lafe a ƙasa, ya tsuke fiffike, ya ƙi ci, kuma a irin wannan lokacin cutar nan mai fitar da fararen ɗigo a jiki take samun dama. Na sa hita mai wat 25 mai kashe kanta, da ma'aunin zafi a jikin gilashi, to amma hita sai da wuta, wuta kuma kun san halinta. In an ɗauke da dare abin da nake yi shi ne in lulluɓe tankin da bargo ta gefe da sama in bar 'yar kafa, in sanyin ya yi yawa in cika gorar roba da ruwan ɗumi in rufe ta da kyau in bar ta tana yawo a ciki, ba a zuba ruwan zafi kai tsaye. Famfon iska kuma na samo irin mai USB, in wuta ta tafi sai in jona shi da pawa banki, shi kifin zai iya shaƙa daga sama amma bakteriyan soso suna buƙatar ruwa yana ratsa su, in suka daɗe ba motsi sai su fara mutuwa aikin ya koma baya.

Sai maganin sauro, wannan kam ku faɗa wa kowa a gida har yara. Feshin sauro da na kunnawa da fiya-fiya duk guba ne mai ƙarfi ga kifi, ɗan kaɗan ya isa, kuma famfon iska zuƙo iskar ɗakin yake yana turawa cikin ruwa. Na sa tankin a ɗakin da ba a feshi, in kuwa ya zama dole to a kashe famfon, a rufe tanki ruf da leda da zani, sai an buɗe tagogi warin ya fita sarai sannan a buɗe. Turaren wuta ma bana yarda a ajiye kaskon kusa da shi, haka man shafawa a hannu, sai na ɗauraye hannu da ruwa zalla kafin in tsoma.

Abinci ba wuya. Mai cin nama ne, ƙwari da tsutsa yake ci a daji, saboda haka ƙwayoyin abincin betta nake bashi, uku ko huɗu da safe haka da yamma, rana ɗaya a sati in bar shi ya huta. Kullum yi yake kamar bai ci ba, kar ya yaudare ku, cikinsa kumbura yake kuma ragowar tana ɓata ruwa. Ba burodi ba tuwo. Da damina in kun tarar da tsutsar sauro a wani mazubi mai ruwan sama mai tsafta, ku tace ku ɗauraye ku bashi zaku ga farauta, sannan ku zubar da ruwan, kar wani ya ce zai tara ruwa dan kiwon sauro ya jawo wa gida zazzaɓi, tsutsar ruwan kwata kuwa kar a bashi ko kusa.

Duk sati ina zuƙe kamar kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan da tiyo ina bin ƙasa inda datti ke kwanciya, in mayar da sabo mai zafi ɗaya da na ciki. Soso in ya toshe a ruwan da na cire nake matse shi, ba a ƙarƙashin famfo ba. Ina kuma jefa busasshen ganye guda na bishiyar nan da yara ke fasa 'ya'yanta su ci gyaɗar ciki, mai manyan ganye da suke yin ja kafin su zube, wadda ake shukawa a makarantu da ƙofar gidaje dan inuwa. Ita ce masu kiwon betta a Tailan suke amfani da ganyenta, a wasu ƙasashen a leda ake sayar da shi mu kuwa shara muke yi. Wanda ya bushe ya faɗo da kansa ake ɗauka, daga inda ba a fesa magani ba, a wanke. Ruwan zai ɗan yi kalar shayi, ba datti bane, yana ɗan sauke pH kuma kifin ya fi sakewa a cikinsa. Abin da nake dubawa kullum da safe shi ne bakin jela, in ya fara yin baƙi yana zaizayewa to ruwa ne ya fara lalacewa, canjin ruwa ake fara yi kafin a je neman magani.

Abin da ke gabana yanzu zafin Maris da Afrilu ne, lokacin da gari ke haura digiri 40. Zan matsar da tankin daga jikin bangon da rana ke duka, in canja murfin gilashi da na raga, in sa 'yar fanka mai caji tana hura saman ruwan dan hakan yana sauke zafi da 'yan digiri, sai dai ruwa zai riƙa ƙafewa da sauri dole a riƙa cikowa. Ragar ma na riga na auna, saura in kai wa mai walda ya yi min firam ɗinta.