Abin da aiki ke koyarwa kan ɗaura kwandon kaya a kariyar keke ko babur

Kwandon da mutum ya haɗa da hannunsa ba kasafai yake karyewa ba. Mahaɗarsa da kariya ce ke ba da ciwon kai, kuma girgizar hanya ta fi nauyin kaya cin wurin.

Kafin a taɓa sifana, a duba lambar da ke jikin kariyar. Yawancin na keke kilo 25 ne iyakarsu, wasu na babur kuwa kilo 5 kacal, duk da kaurin ƙarfensu. Nauyin kwandon ma yana cikin lissafin. Wanda ya yi walda da ƙarfe mai nauyi ya cinye rabon kaya tun bai ɗora komai ba.

Kada a huda kariya. Ƙarafunta bututu ne, kuma daga bakin huda tsagewa take farawa, balle idan alminiyam ce. Matse ta ake yi. A samu ƙarafa biyu masu faɗi, kaurin milimita 3, a gitta su ta ƙarƙashinta, ɗaya gaba ɗaya baya. Sai a zura ƙusoshi huɗu masu noti, na milimita 6, daga cikin kwando zuwa ƙasa, su ratsa ƙarafan nan biyu, kowacce da babbar washa a kanta. In babu washa, kan ƙusar zai riƙa cin gindin kwandon har wata rana ya faɗa ta cikin ramin, musamman idan roba ne ko katako. A yanko tsohon tif a shimfiɗa tsakanin ƙarfe da ƙarfe, yana kashe ƙara yana hana zamewa. Noti kuma a sa mai roba a ciki, ko a ɗaure biyu a jere, don guda ɗaya kwancewa yake yi da kansa. Jelar ƙusar da ta leƙo ƙasa a datse ta, in ba haka ba za ta goge taya da zarar an faɗa rami da kaya.

Igiyar roba da waya? Na wucin gadi ne. Rana tana busar da roba, waya kuma tana sassautawa.

Wurin zama ma ba wasa ba ne. Tsakiyar kwandon ya dace ya faɗo daidai kan tsakiyar tayar baya. Da an tura shi baya sosai sai gaba ya yi sauƙi, kan ya riƙa rawa a hannu a kwana. In an matso da shi gaba kuma ya tokare mai tuƙi, don haka a bar kamar faɗin yatsu uku tsakaninsa da sirdi. Kada ya rufe fitilar baya, kuma a huda ƙananan ramuka a gindinsa don ruwa ya tsiyaye.

Bayan fitar farko da kaya, a sake bin notin nan huɗu da sifana. Tif ɗin ya riga ya kwanta, za a tarar kowanne yana karɓar ɗauri.