Lissafin watan Mayu ba ya nuna komai

Tun da na zo Amurka karatu na faɗa son ƙwallon jami'o'insu, wannan ta hular kwano da ake ruga da ita a hannu. Bara a watan Mayu kullum da asuba kafin in sha shayi sai na buɗe shafin intanet na 247Sports in duba matsayin makarantarmu a jadawalin ɗaukar sabbin yara 'yan wasa, in ga muna can ƙasa su Georgia da Alabama da Ohio State sun yi sama, wallahi har raina ya ɓaci nace kocinmu barci yake.

Wani dattijo da muke zama kusa a filin wasa shi ya zaunar dani. Yace ɗana, alƙawarin da yaro ɗan sakandare yayi da baki ba sa hannu bane, gobe ma zai iya juyawa. Kuma a Yuni ne yawancinsu ke ziyartar makarantu, to kai me kake ƙirgawa tun yanzu? Sa hannun gaske sai Disamba, tsarin da aka kawo a 2017, sauran kuma Fabrairu.

Abin da ya fi tsaya min a rai, jadawalin nan yawan yara na ɗaga shi, makaranta mai yara 18 zata iya hawa kan mai 9 ko da yaran mai 9 ɗin sun fi taurari, wato makin gwaninta da ake ba kowane yaro. Ga kuma masu sauya makaranta da yanzu suke cike gurbi cikin sati biyu.

Bana dai ina dubawa, amma matsakaicin taurari nake kallo da kuma wane gurbi muka rasa, musamman layin gaba masu kare kwatabak, wato mai jefa ƙwallo.