Shigata ramin Chincana a birnin Kusko

Washegarin isata Kusko, tsohon babban birnin daular Inka a ƙasar Peru, na hau zuwa kufan Sacsayhuamán, tsohon ginin Inka na manyan duwatsu da ke saman birnin, kuma wannan gaggawar ce kuskurena na farko. Birnin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 3,400, kufan kuma ya fi shi bisa, inda iskar shaƙa ke da ƙaranci, saboda haka kafin in kai bakin ramin da ake kira Chincana Chica na riga na fara haki, kaina yana sarawa. Shayin ganyen koka da aka ba ni a masauki ya ɗan taimaka, amma hutun kwana biyu ne ya kamata in yi tukuna.

A harshen Kechuwa, wato yaren mutanen Inka, chinkana na nufin wurin da ake ɓacewa. Ramin gajere ne, amma taku kaɗan da shiga sai haske ya ɗauke ɗungurungum, har mutum ba ya ganin tafin hannunsa. Na kashe fitilar wayata don in ji abin da mutanen zamanin baya suka ji, ina lalube da hannun dama a jikin dutse mai sanyi wanda yawan shafa ya mayar sumul, sai goshina ya gwaru da rufin inda ya yi ƙasa. Daga nan na koyi sunkuyawa da ajiye hannu ɗaya a gaban fuska.

Abin da ya kai ni shi ne sanarwar Janairun 2025, lokacin da masu binciken kayan tarihi Jorge Calero da Mildred Fernández suka ce sun gano hanyar ƙarƙashin ƙasa mai tsawon kusan mita 1,750 daga Coricancha, haikalin rana wanda Sifaniyawa suka gina cocin Santo Domingo a kansa, zuwa Sacsayhuamán. Sun bi bayanan tsofaffin marubuta, ciki har da Garcilaso de la Vega, sannan suka yi aiki da gwajin amon ƙasa da na'urar rada mai leƙa abin da ke binne.

Na tafi da zaton zan taka wannan doguwar hanya da ƙafata, alhali na'ura ce ta nuna alamarta, ba ƙofa aka buɗe wa maziyarta ba. Labaran zinariyar da aka ɓoye a ciki kuwa, waɗanda masu yi wa baƙi jagora ke bayarwa da zaƙin baki, na saurare su ne a matsayin almara. Da yamma na gangaro ta gefen cocin San Cristóbal, inda aka ce wani reshen ramin ya bi, ina kallon daɓen duwatsun titi, goshina a kumbure.