Gonar Baffa da dami biyu na gero

Shekara 23 gonar Baffa ta bakin rafi tana hannun maƙwabcinmu. Shi ke noma ta, shi ke kai mata taki, har mangwaro ya dasa a kan iyaka. Ni kaina na taso ina ce mata gonar Malam. Bayan dattawan biyu sun rasu muka zo rabon gado, sai 'ya'yan Malam suka ce ai gona ta zama tasu, hauzi ya ci ta.

Ranar na fara jin kalmar. A fiƙihun Malikiyya, idan mutum ya riƙe wuri yana amfani da shi kamar nasa, mai wurin yana gari, yana gani, ba abin da ya hana shi magana amma ya yi shiru har shekara 10, to ba a ƙara sauraron ƙararsa. Tsakanin dangi kuwa sai wajen shekara 40, don an san kara takan rufe baki. Da na lissafa, gabana ya faɗi.

Alƙali bai tsaya kan shekaru ba. Tambaya ɗaya ya yi musu: "Da wane suna gonar ta shiga hannun mahaifinku?" In saye ne ko kyauta, magana ta ƙare. Amma aro, haya da jingina riƙo ne da izinin mai abu, kuma hauzi ba ya hawa kansu kome daɗewa. Mai jingina ma, ranar da aka mayar masa da kuɗinsa zai saki gona.

Inna ce ta cece mu. Ta ce kowace kaka Malam yakan aiko da dami biyu na gero, wato galla, kason amfanin gona da ake ba mai gona, kuma tsohon da ke kawowa a kan jaki yana nan da ransa. Ya zo ya ba da shaida. Wa ke kai galla a kan gonarsa?

Yanzu ƙanena ya dage sai mun yi takardar shaidar mallaka. Na ce a yi, amma ya sani tun Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ƙasar jiha amana ce a hannun gwamna. Abin da takardar ke ba ka haƙƙin zama ne, galibi na shekara 99.

Mangwaron dai mun bar musu su riƙa tsinka. Gaisuwa ce har yau ba ta koma kamar da ba.