Morricone a shago, Burman a Fagge, Jarre a gida

Asabar, bayan sallar isha'i.

Hunturu ya sauka sosai yau. Na buɗe shago wajen ƙarfe takwas hannuwana a sandare, sai da na kurɓi shayi mai zafi a bakin layi sannan na iya riƙe almakashi. Aiki ya taru, shaddojin wani ango da abokansa, ga kayan makaranta da iyaye suka kawo a ƙurarren lokaci kamar yadda suka saba.

Wajen hantsi wani kwastoma ya zo karɓar ɗinkinsa. Ina cikin naɗe masa kaya sai wayarsa ta ɗauki ƙara, kuma ba da wani kiɗa ba sai wannan na fim ɗin kaboyi da kowa ya sani, mai kama da kukan dila a dokar daji. Yaron shagona ya ɗago daga kan keke ya ce, "Oga, ka ji kiɗan kaboyi." Na tambaye su, shi da mai wayar, ko sun san wanda ya tsara shi. Mutumin ya ce shi dai a wajen masu tura waƙoƙi aka sa masa. Yaron ya ce ai na Amurkawa ne.

Ba na Amurkawa ba ne. Ennio Morricone ne, mutumin Italiya, haifaffen birnin Rum a 1928, kuma a can ya rasu a 2020 yana da shekara 91. Kiɗan daga fim ɗin The Good, the Bad and the Ugly ne na 1966, wanda Sergio Leone ya ba da umarni, kuma hamadar da ake gani a ciki ta ƙasar Sifen ce. Shi da Leone makarantar firamare ɗaya suka yi, suka rabu, aiki ya sake haɗa su bayan sun girma. Abin da ya sa nake girmama Morricone shi ne yadda ya yi da rashin kuɗi. Lokacin da suka fara waɗannan finafinai a 1964 babu kuɗin tara babbar ƙungiyar makaɗa irin ta Hollywood. Sai ya ɗauko abin da ke kusa: fito da baki, ƙarar bulala, ƙararrawa, jita mai lantarki, muryoyin maza suna gurnani, ya haɗa su suka zama kiɗan da yau ya kai har wayar wani bawan Allah a Kano. A fim ɗinsu na 1968, Once Upon a Time in the West, sai da ya gama kiɗan kafin a fara ɗauka. Leone yana kunna shi a wurin aiki, 'yan wasa suna taku a kansa. Ni da nake tela na gane wannan sarai, tamkar a fara yin aikin wuya ne sannan a yanka riga daidai da shi.

Ya yi wa finafinai sama da 400 kiɗa, amma sai a 2016, yana da shekara 87, ya ci kyautar Oscar ta gasa, bayan ta girmamawa da aka ba shi a 2007. Wannan jinkiri yana ba ni haushi har yau.

Yaron nan bai bar ni haka ba. Shi gwaninsa Hans Zimmer ne, Bajamushen da ya yi kiɗan Gladiator da The Lion King, ya ce idan ya sa abin ji a kunne yana ɗinki ji yake kamar zai tafi yaƙi. Na yarda mutumin gwani ne, kuma ina son yadda ya jawo Lebo M na Afirka ta Kudu ya buɗe The Lion King da muryarsa cikin harshen Zulu. Amma yawancin kiɗansa na baya-bayan nan nauyi ne da rugugi, yana cika ƙirji, in an tashi daga kallo kuma babu abin da mutum zai iya rerawa a hanya. Ni kiɗan da ke bin mutum gida nake so.

Bayan azahar na bar masa shagon na hau adaidaita zuwa Fagge duba Kawu, ƙafar nan ta sake tasar masa saboda sanyi. Na same shi a zaure ya lulluɓa da bargo, rediyo a gefensa. Bayan mun gaisa na ba shi maganin shafawa da lemon da na riƙo masa, sai na ba shi labarin abin da ya faru da safe. Nan take fuskarsa ta washe. Ya ce, "Kai ɗan nan, in ana maganar kiɗan fim a bar wa Indiyawa kayansu."

Kawu ɗan silima ne na gaske a zamaninsa. Plaza, Marhaba, Eldorado, babu wadda bai zauna a bencinta ba. Ya san Dharmendra da sunan da mutanen Kano suka sa masa, Sarkin Ƙarfi. Muryar Lata Mangeshkar, da ta Mohammed Rafi, da ta Kishore Kumar, yana rarrabe su tun daga baitin farko ko da yana gyangyaɗi. Amma da na tambaye shi wa ya tsara kiɗan Sholay, sai ya yi shiru, ya ce su lokacin da ake rubuta sunaye a farkon fim suna can suna neman wurin zama da sayen gyaɗa. Na ce masa R.D. Burman ne, wanda ake wa laƙabi da Pancham, ɗan wani babban makaɗin fim, S.D. Burman, kuma mijin mawaƙiya Asha Bhosle. Fim ɗin ya fito a 1975, shi kuma ya rasu a 1994. Shi ma irin Morricone ne wajen neman sauti a inda ba a zata ba: busa a bakin kwalba, buga cokali a jikin kofin gilashi, goga takardar yashi. Kawu ya lumshe ido ya fara kwaikwayon busar nan mai ban tausayi da Amitabh yake yi da dare a tsakar gida yayin da bazawarar gidan take kashe fitilu. Bai kuskure ko ɗaya ba, bayan duk shekarun nan. Idona ya ciko, na juyar da kai.

Muka daɗe a kan Indiyawa. Naushad, mutumin Lucknow, wanda ya yi kiɗan Mother India a 1957, fim ɗin da Kawu ya ce har iyayensu mata sun san labarinsa. Laxmikant da Pyarelal, abokai biyu da suka yi aiki da suna ɗaya har mutuwa ta raba su a 1998. Ya tuna mini yadda masu bandiri a nan Kano suka riƙa ɗauko karin waƙoƙin Indiya suna ɗora yabon Manzon Allah (SAW) a kai, har mutum ya ji a wurin maulidi ya rasa inda ya san karin. Ke nan waɗannan mutane sun shiga rayuwarmu har cikin lungu, mun haddace aikinsu, 'yan wasa da mawaƙa sun kwashe suna, su kuwa ko sau ɗaya ba mu ambace su ba. Wannan ne ya tsaya mini a rai duk yinin yau.

Da zan tafi Kawu ya ce, "To kai wane ne naka?" Na ce masa Maurice Jarre. Bai san sunan ba. Na ce, "Kawu, kiɗan The Message fa." Ya dafa ƙirji ya ce, "Allahu Akbar."

Shi ya sa da na dawo gida, bayan magariba da tuwo, na ce wa maman yara a bar shirin da suke bi yau, na sa mana fim ɗin, wanda ke ba da tarihin farkon Musulunci. Ita A.R. Rahman, makaɗin finafinan Indiya, take so tun zamanin fim ɗin Dil Se, ta ɗan yi ƙorafi, daga baya ta jawo tabarma ta zauna.

Jarre Bafaranshe ne, an haife shi a Lyon a 1924, ya rasu a 2009. Asalinsa makaɗin ganga ne, manyan tamburan nan na ƙungiyar makaɗan Turawa su ya koya a Faris, kuma ana jin haka a aikinsa. Ya ci Oscar sau 3, na farko da Lawrence of Arabia na 1962, to ya riga ya san yadda ake yi wa hamada kiɗa kafin Moustapha Akkad, mutumin Halab ta Siriya da ya ba da umarnin The Message, ya neme shi. An ɗauki The Message a Maroko da Libiya, sau biyu a lokaci guda, ɗaya da Larabci ɗaya da Turanci, 'yan wasa daban-daban, ya fito a 1976. Anthony Quinn ne ya fito a Sayyidina Hamza a na Turancin, Abdullah Gaith a na Larabcin.

Nauyin da aka ɗora wa Jarre a wannan fim ban san wani makaɗi da aka ɗora wa irinsa ba. Ba a nuna Manzon Allah (SAW), ba a jin muryarsa, ko inuwarsa babu. Sahabbai suna fuskantar kyamara su yi magana, su yi shiru suna sauraro, su amsa. A wannan shirun, abin da ke sanar da mai kallo cewa ana gaban Fiyayyen Halitta shi ne wani siririn sauti mai sanyi da ke shigowa a hankali. Da ya cika shi da ganguna da kakaki, da ya yi rashin ladabi. Da ya bar wurin fayau, da mai kallo ya ɓace. Mutumin da ba a cikin Musulunci ya tashi ba ya gane cewa a nan ja da baya ake yi, a rage murya. Ya ajiye ƙarfinsa sai inda ya dace: tafiyar hijira cikin rairayi, ginin masallacin Madina inda kiɗan ke tafiya da hannuwan masu miƙa tubali, Badar, sannan shiga Makka, inda jigon nan da aka fara ji tun farkon fim yake dawowa a buɗe, da faɗi, kamar an ɗage labule. Duk lokacin da aka zo nan tsigar jikina tashi take yi, yau ma haka.

Na san akwai malamai da ba su yarda da kiɗa ba sam, akwai kuma waɗanda tun farko ba su so a yi fim ɗin ba, kuma ina girmama matsayinsu. Abin da na sani a kaina shi ne tun ina yaro, lokacin da ake nuna shi a talabijin mu taru a gidan maƙwabta, wannan sauti ne ya fara sa ni kuka a kan azabar da aka yi wa Bilal, kafin in iya karanta sira da kaina.

An sa kiɗan a takarar Oscar ta 1978, John Williams ya ɗauke da Star Wars. Ba na ƙin Williams, wanda ya tsorata duniya da sauti biyu kacal a Jaws ba ƙaramin gwani ba ne. Amma da ni ne alƙali a shekarar nan, da Jarre na ba.

Da fim ya ƙare yara suka miƙe, na ce kowa ya koma ya zauna sai an gama rubutun ƙarshe. Babbar 'yata ta karanto sunan da ƙarfi, ta ce, "Abba, to finafinan Hausa fa, wa yake yi musu?" Na lissafa mata mawaƙa, Nazifi Asnanic, Ali Jita, Nura M. Inuwa, Umar M. Shareef. Ta ce ba masu waƙar take nufi ba, masu kaɗa fiyanon. Na ce suna nan a situdiyo-situdiyo na cikin garin nan, yaran da ke kwana a gaban Yamaha suna haɗa kiɗan da ake rawa da shi a kowane biki, kuma daga yau duk fim ɗin Hausa da muka kalla a gidan nan sai mun tsaya mun nemi sunansu. Ta ce ita za ta riƙa rubutawa a bayan littafinta.

Auta ya yi barci tun wajen yaƙin Uhudu, sai ɗaukarsa na yi. Na yi musu alkawarin fim ɗin Umar Mukhtar ranar Asabar mai zuwa, shi ma Akkad da Jarre ne suka yi shi. Maman yara ta ce ta yarda, da sharaɗin wadda ke biye ta Rahman ce.