Gadon asibiti nake ƙerawa, daga shagona nake ganin tseren asibitocin Kano

Mutane da yawa in nace musu aikina ƙera gadon asibiti ne sai kaji sun ce au, dama ana yi a nan? Sun ɗauka duk daga Chaina ake kawowa. Ana kawowa ɗin kam, da yawa ma, amma mu ma muna yi a nan cikin Kano, a wani shago mai rumfar kwano, ni da yara bakwai, biyu hannunsu ya faɗa a walda, ɗaya fenti ne aikinsa, sauran suna kan koyo. Banda gado muna yin sandar rataya ledar ƙarin ruwa, da keken tura mara lafiya zuwa ɗakin tiyata, da lokar gefen gado, da gadon haihuwa, da na jarirai, har da firam ɗin labulen nan da ake karewa in likita zai duba mace.

Asali ƙofa da taga da get nake yi kamar kowane mai walda. Jinyar mahaifiyata ce ta shigo da ni layin nan, Allah Ya jiƙanta. An kwantar da ita a wani asibiti numfashi yana mata wuya, likita yace a ɗaga mata kai, aka zo juya hannun gadon yaƙi motsi, sai filo uku da ƙunshin zannuwa muka tara mata a baya. Cikin dare na leƙa ƙarƙashin gadon da fitilar waya naga ba wani abin kirki bane ya lalace, zaren sukurun ne ya cinye sannan fin ɗaya ya zare. Washegari nazo da sifana da giris na gyara shi. Sistar ɗakin tana tsaye tana kallona, ina gamawa tace Malam ɗan biyo ni. Ta kai ni bayan ɗakin, wallahi gadaje ne jibge a rana ruwa ya dake su tsatsa ta fara ci, tace duk waɗannan an ce sun mutu, gashi kuma kana gani mutane na kwance a tabarma a baranda. Na duba su ɗaya bayan ɗaya, mafi yawansu taya ce ko hannu ko walda ɗaya da ta saki. Tun daga ranar hankalina bai ƙara komawa kan get ba.

Wanda ya san Kano ta da ya san asibitin da ake ambata kaɗan ne. Asibitin Murtala a cikin gari, na Nassarawa, asibitin ƙashi na Dala wanda yake nan tun 1959, asibitin zana na cututtuka masu yaɗuwa, Hasiya Bayero na yara, sai kuma asibitin Malam, wato na koyarwa na Malam Aminu Kano, a titin Zariya da aka kafa a 1988. Yanzu garin ya buɗe ta ko'ina, inda muka sani gonaki ne a Rijiyar Zaki da Ɗanbare da Mariri da Jaba duk sun zama unguwanni, ga kuma masu zuwa neman magani daga Jigawa da Katsina har Damagaram da Maraɗi. A Disambar 2017 Buhari yazo ya buɗe asibitin Giginyu da na yara na Zoo Road, a farkon 2023 aka buɗe cibiyar maganin ciwon daji, asibitin Nassarawa ya koma na koyarwa, a 2023 ɗin aka sake buɗe Hasiya Bayero bayan an gyara shi. Asibitin Malam kuwa in ka kwana biyu baka shiga ba sai ka tarar da sabon gini, tun 2002 suke dashen ƙoda a can. Asibitocin kuɗi kuwa ba a magana, ka bi Zoo Road ko Nassarawa ko Hotoro ko titin Gwarzo ka ƙirga allunan da kanka.

Toh mu a wajenmu duk sabon gini oda ce, ba zan ɓoye ba, alhamdulillah muna ci daga ciki. Amma abin da nake so in faɗa shi ne yadda odar ta canza, don daga irin gadon da mutum ya nema nake gane wa yake so ya ja.

Da, mai asibiti zai zo yace a yi masa gado goma, shikenan, ƙafa shida da rabi tsawo, ƙafa uku faɗi, farin fenti. Yanzu sai yazo da hoto a waya, yace kaga irin wanda asibitin wane suka saka, irinsa nake so ko wanda ya fi shi. Gado kala-kala ne, akwai mai hannu ɗaya da ke ɗaga kai kawai, mai hannu biyu yana ɗaga kai da gwiwa, mai hannu uku har tsayin gadon kansa yana hawa yana sauka, sai na lantarki mai rimot wanda shi kam ba ma yi, sai dai mu gyara. Asibitin gwamnati sun buɗe ɗakunan kuɗi da ake ce wa aminiti, ɗaki ɗaya mutum ɗaya da banɗaki da AC, don su riƙe mai halin da zai tafi asibitin kuɗi. Su kuma na kuɗi suna so su riƙe wanda zai hau jirgi ya tafi Masar ko Indiya. Kowa ido na kan mutum ɗaya, mai iya biya. Kuma sau da yawa likitan ɗaya ne, da safe ka ganshi a can da yamma ka ganshi a nan, to me ya rage a yi gasa a kai in ba ɗaki da tayil da gado da yadda aka karɓe ka a ƙofa ba.

Inshorar lafiya ma ta ƙara wa abin wuta. Ga ta tarayya da aka mayar NHIA a 2022, ga ta jiha KSCHMA da ma'aikata ke ciki. Yadda wani likita da nake wa aiki ya fahimtar da ni, duk wanda ya zaɓi asibitinka ana biyanka wani abu a kansa duk wata ko yazo ko bai zo ba, don haka kowa so yake sunaye su yi yawa a wajensa, kuma kafin a amince da kai sai an zo an duba wajen an ga kayan aikinka. Ga kuma hukumar PHIMA mai sa ido kan asibitocin kuɗi. Shi yasa wani zai kira ni ranar Litinin yace ranar Alhamis masu dubawa za su zo, gado takwas yake so da keken tiyata. Ina ce masa Likita ranka ya daɗe ba a fafe gora ranar tafiya, fenti kaɗai in ana so ya kama yana buƙatar kwanansa. Wani ya haƙura ya jira, wani ya tafi inda za a fesa masa yau a ɗora a mota gobe, bayan wata shida kuma gadon ya dawo hannuna yana ɓarewa.

Maganar fenti ba ƙarama bace. Gadon gida ba wanda ke wanke shi, na asibiti kuwa kullum sai an goge shi da ruwan bilic, ga jini ga fitsari ga ruwan da ke ɗiga, duk inda walda ta bar rami nan datti zai zauna nan tsatsa zata fara. Shi yasa nake tsaya wa yarana a kan su cike walda su goge ta da giranda har sai ka shafa hannu baka ji komai ba, a sa jan fentin ƙasa tukunna kafin fari. Ƙarfe a Ƙofar Ruwa nake saya kuma ni nake zuwa da kaina in ɗaga fayif in ji nauyinsa, saboda akwai mai kauri akwai wanda ido ɗaya ne da shi amma kamar gwangwani yake. Taya ita ce babbar matsala, ba a yinta a nan, kuma ta banza da ta kirki kamarsu ɗaya a ido, sai an ɗora mutum mai jiki an tura a kan kankare sannan zaka sani. Araha bata ado, a gadon asibiti kuma araha tana iya kayar da mara lafiya ƙasa.

Wani abin da ke damuna a wannan faɗaɗawar, mutane na gini basa tuna gado. Da yawa daga ƙananan asibitocin nan gidan zama ne aka mayar, ƙofar ɗaki ta gida ce, gado mai makari a gefe ba zai shige ba. Akwai inda muka kai gado sai da muka kwance shi muka shigar gunduwa-gunduwa muka haɗa a ciki. Nace wa mai wajen Alhaji yanzu in matar da ke kan gadon nan ta rikice cikin dare ana son a garzaya da ita tiyata, ta ina gadon zai fita? Ya yi shiru, daga baya dai ya sa aka fasa ƙofar, Allah Ya saka masa. Na ga bene hawa biyu mai kyau da gilasai a gaba, amma gangaren da za a tura keke ya miƙe tsaye sai ƙarti uku sun taru. Yanzu duk wanda ya bani aiki kafin in yanka ƙarfe sai naje da tef na auna ƙofa da lungu da kwana, ko bai nema ba.

Daga 2023 abubuwa suka juya. Aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayu, a Yuni aka saki Naira, dala da take ƙasa da 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Gadon waje ya yi tsadar da masu asibiti da yawa da suke raina namu suka fara sallama a shagona. Sai dai mu ma bamu tsira ba, fayif ya tashi, taya ta tashi, wayar walda ta tashi, a Afrilun 2024 aka kai kuɗin wutar layin Band A, na waɗanda aka fi ba wuta, Naira 225 duk yunit ɗaya, in babu wutar kuma janareta ne da dizal. Ka bada farashi yau, kafin a biya ka kuɗin ba zai sayi ƙarfen da ka kashe ba. Wani ɗan kwangila ya taɓa karɓar gado talatin a hannuna na wani sabon ɓangare, aka yanka ribon aka ɗau hotuna gadajena na ciki, ni kuwa sai da na yi wata tara ina sintiri kafin cikon kuɗina ya fito, a lokacin sai da na sayar da babur ɗina na biya yara. Tun daga nan ba na kunna inji sai an bada kafin alƙalami, ko waye.

Abin da na fi alfahari da shi a duk aikina ba gadon bane, bencin mai jinya ne. Mu nan ba a kwantar da mutum shi kaɗai, dole akwai uwa ko 'ya ko ƙanwa da zata zauna, ita ce mai sayo magani, mai ɗebo ruwa, mai juya shi, mai kiran nas. Gadon waje ba a yi shi da tunaninta ba. Na kwana a ƙasa a jinyar mahaifiyata na san yadda sanyin siminti yake da asuba. Sai na ƙera benci mai ninkewa, da rana kujera da dare a ja shi ya zama ɗan gado, a ƙarƙashi da wajen ajiye kwanuka da flas. Asibiti ɗaya ya fara karɓa, ba a yi wata uku ba na kusa da shi ya aiko, wai masu jinya suna ba juna labari. Irin wannan gasar kam ina sonta, don wadda ta amfana ita ce matar da ba a taɓa lissafawa da ita ba. Amma har yau a ɗakunan kuɗi kawai ake saka shi, babban ɗakin da talaka ke kwanciya ba wanda ya taɓa ce min in kai ko ɗaya, kuma can ne aka fi kwana a ƙasa.

Sannan gyara. Kowa yana da kuɗin sabon gini, kuɗin giris da taya ne babu. Sabon ɓangare ana ganinsa daga titi, ana sa shi a rediyo, gadon da aka gyara kuwa ba mai ɗaukarsa hoto. Alhali da kuɗin sabon gado ɗaya na waje zan tayar da matattu da yawa su koma aiki. Na sha rubuta takarda ina cewa a bani yarjejeniya in riƙa zagayawa duk wata uku ina duba gadaje, in ɗaure abin da ya saki in sa mai, asibiti biyu ne kawai suka yarda, kuma su ɗin shekara huɗu kenan basu jefar da gado ko ɗaya ba. Na kuma shiga wani sabon ɗaki da na kai wa gadaje, bayan kusan shekara na koma na tarar katifun na cikin ledarsu, na tambayi sistar tace Malam wa zai kula da su, mu nawa ne, wasu sun tafi Saudiyya wasu Ingila, wanda ya rage asibitin kuɗi na zawarcinsa. Abin ya tsaya min a rai, ga ɗaki a kulle da gado goma sha biyu, ga emajensi ana ce wa mutane babu gado.

Satin nan aikin da ke gabanmu gadajen haihuwa ne guda huɗu na wani ƙaramin asibiti a bayan gari, wata ungozoma ce da ta yi ritaya ta buɗe, tace min ɗana kuɗina ba yawa amma bana son abin da zai girgiza in mace na naƙuda. Na ce mata Hajiya kar ki damu, fayif mai kauri zan sa miki, maimakon taya huɗu a yi biyu a baya ƙafa biyu a gaba da roba, ya fi tsayawa kuma ya fi sauƙin kuɗi. Jiya muka gama walda, yau ana gogewa, in rana ta yi kyau jibi a fesa fari, ranar Asabar in Allah Ya kaimu mu ɗora a kurkura mu kai mata. Na riga naje na auna ƙofar, zai shiga.